An ce zuma na haɗe ciwon dasashin ɓera: in shafa wa Inna?

Ɗan Yelwa, Garwa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman wanda ya san abin nan da gaske ya warware mini, don yau kwana uku ke nan kaina a ɗaure yake.

Ranar Talata aka cire wa mahaifiyata turmin haƙori na ƙasa, ɓangaren hagu. Haƙorin ya riga ya ruɓe har ya karye, saura saiwa a ciki, don haka sai da likita ya tsaga dasashin kafin ya fitar da shi, ya yi ɗinki uku. Aka rubuta mana maganin kashe zafi da kwalbar Eludril, aka ce daga washegari ta riƙa kurkure baki da shi safe da yamma. Inna ta haura sittin, kuma tana da ciwon suga, shekara shida ke nan tana shan ƙwaya.

Kwana biyu ta yi tana kurkurewa, sai ta ce ita kam ta gama. Wai yana mata raɗaɗi a harshe, kuma tun da ta fara shi, kunun gyaɗa da ruwan randa duk ɗaya suke a bakinta. Jiya bayan magariba na same ta zaune kan tabarma, kwanon kunu a gabanta ya huce har samansa ya daskare, ta dafe kunci da gefen mayafi. Na ce Inna ki daure ki sha ko ludayi biyu ne, ta girgiza kai kawai. Abin ya tsaya mini a rai.

Ana nan sai ga Gwaggo daga Gaundare da galan ɗin zuma, irin baƙar nan mai kauri ta dajin Adamawa. Ta ce a ajiye ruwan kwalba, a lakaci zuma a shafa a wurin, haka iyayensu suka yi. Ita kuma ƙanwata da ke karatu a jami'a ta turo mini hotunan shafukan bincike ta WhatsApp, ta fassara mini: wai an yi wa ɓeraye rauni a baki, waɗanda aka shafa wa zuma suka riga sauran warkewa. Ta ƙara da wani kuma, wai sinadarin da ke cikin maganin kurkurewar, kulohezidin, yana kashe ƙwayoyin naman da ke haɗe rauni, har an ga ya jinkirta warkewa a bakin ɓera.

Ni kayan babur nake sayarwa. Na san don kabureta ta zauna daidai a Sanili, ba shi ke nuna za ta zauna a TVS ba. To amma waɗannan masu ilimi ne suka yi gwajin, ba zan ce banza suka yi ba. Abin da nake tambaya: yaya ake yin gwajin nan a bakin ɓera, kuma abin da aka gani a can har ina yake aiki a bakin mutum? In bar Inna ta ajiye maganin likita ta koma zuma, ko in matsa mata?

Baban Walida, Gaundare

Wa'alaikumus salam ƙanena. Allah ya ba Inna lafiya. Kada ka bari ta ajiye maganin tukuna. Maganar jinyarta na bar wa likitocin haƙori, ni abin da na sani shi ne ɓera, don na yi shekaru ina taya ɗalibai irin wannan aiki a ɗakin gwaji, ni ke riƙe dabbar, ni ke ba ta abinci.

Ɓerayen ba na rumbu ba ne. Farare ne masu jan ido, galibi irin da ake kira Wistar, sunan wata cibiya ce a Filadelfiya ta Amurka inda aka fara kiwonsu tun farkon ƙarnin da ya wuce. Ana zaɓen matasa, 'yan wata biyu zuwa uku, masu nauyin giram 200 zuwa 250, lafiyayyu, abincinsu ɗaya, ɗakinsu ɗaya. A yi wa ɓera allurar barci, a kwantar da shi rigingine, a buɗe bakin. Dasashin ɓera siriri ne ƙwarai, da ƙyar za ka samu wurin aunawa, shi ya sa yawanci ganɗa ake zaɓa, tsakanin turamen sama. Namanta mai tauri ne irin na dasashi, kuma manne yake da ƙashi. Wannan mannewar tana da amfani, domin fatar bayan ɓera sakwa-sakwa take, in ka yanke ta sai ta tattaro kanta ta rufe kamar bakin jakar zare, alhali a ganɗa sai sabon nama ya tsiro daga gefe ya rarrafo tsakiya, kamar yadda yake yi a bakin mutum. Akwai wani ɗan ƙarfe mai zagayayyen baki, da shi ake cire nama daidai milimita 3 zuwa 5. Ka ɗauki ƙwayar dawa ka duba, girman raunin ke nan.

Daga nan a raba su gida-gida. Wasu a riƙa shafa musu abin da ake gwadawa, zuma ce ko jel ko ruwan wani ganye. Wasu a shafa musu man da aka kwaɓa maganin da shi, amma babu maganin a ciki. Wasu ruwan gishiri kawai, ko a bar su haka. Waɗannan na ƙarshe su ne ma'auni, in babu su duk aikin ya tashi a banza, domin bakin ɓera mai lafiya da kansa yake warkewa. Ɓera ba ya kurkure baki ya tofar, sai dai ka naɗe shi a tsumma, ka sa ɗan tsinke mai auduga ka ɗiga masa. Kana sakinsa zai sa harshe ya lashe, in zuma ce ma kafin ka rufe keji ta tafi ciki. A rana ta 3, ta 7, ta 14, wani lokaci har ta 21, a ɗauki hoton wurin da ɗan ma'auni a gefe, kwamfuta ta lissafa faɗin da ya rage. A kowace daga cikin ranakun nan akan kashe kaɗan daga kowane gida da allurar barci mai yawa, a yanko ganɗar, a jiƙa a fomalin, wato ruwan maganin da ke hana nama ruɓewa, a yanka ta siriri fiye da fatar albasa, a rina, a duba a madubin likita: kumburi ya ragu? sababbin hanyoyin jini sun fito? zaren kolajin, wato abin da ke ba nama ƙarfi, ya jeru ko a hargitse yake?

Wannan ɓangaren bai taɓa zame mini da sauƙi ba. Dabbar da ka yi makonni kana jiƙa wa abinci don kada ya soki rauninta, kana auna nauyinta kullum, ta san warin hannunka. Akwai ƙa'idar da wasu Turawan Ingila biyu, Russell da Burch, suka shimfiɗa a 1959: in akwai wata hanya kada a taɓa dabba, in dole ne a rage yawansu, kuma a sauƙaƙa musu wahala. Kafin na ji wannan, addini ya riga ya koya mana tausayin dabba. Shi ya sa nake jin zafi in na ga an ɗauki sakamakon da aka saya da ran waɗannan bayin Allah ana faɗin abin da bai faɗa ba.

Abin da ƙanwarka ta turo ba ƙarya ba ne. An sha ganin zuma, da jel ɗin hayaluronik wanda dama jiki na yin irinsa, da wasu tsirrai, sun sa rauni ya fi saurin tsukewa. Amma ka ce ta duba jadawalin da kyau. Bambancin a tsakiyar tafiya yake fitowa, mako na farko zuwa na biyu. In aka kai mako na uku, galibi har waɗanda ba a shafa wa komai ba sun rufe ko sun kusa. Ribar 'yan kwanaki ce a raunin da dama zai warke.

Kulohezidin kuwa, gaskiya ne in ka zuba shi kan ƙwayoyin nama tsirara a faranti yana kashe su, kuma tun 1980 akwai gwajin ɓera da ya nuna jinkirin warkewa, musamman inda ƙashi ke a buɗe. Gwaje-gwajen da aka yi daga baya da mai sauƙin ƙarfi a raunin ganɗa sun nuna bai hana warkewa ba. Ƙarfin maganin, da sau nawa ake sawa, da irin raunin, su ke raba sakamakon. A faranti babu miyau da zai sirka shi, babu kuma ƙwayoyin cutar da zai yaƙa.

Sai inda misalinka na kabureta ya faɗa daidai. Ɓera yana ƙera bitamin C a hantarsa, mutum ba ya yi, sai ya ci a abinci, kuma kolajin ba ya ɗinkuwa sai da shi. Cikin dabbobin da muke ajiyewa, ɓeran Masar ne ya yi kama da mu a nan. Miyau ma daban. A 1962 wani Ba'amurke, Stanley Cohen, ya tace wani sinadari daga ƙullutun miyau na ƙananan ɓeraye, wanda in aka yi wa jariran ɓera allurarsa sai idonsu ya buɗe, haƙoransu su fito kafin lokaci. Sinadarin tsirar da fata ne, shi ya kai shi ga kyautar Nobel a 1986. A 1979 kuma aka nuna cewa ƙananan ɓerayen da aka cire wa ƙullutun miyau, raunin fatarsu ya fi jinkirin tsukewa. Mu ma muna da namu kayan warkarwa a miyau, shi ya sa ciwon baki ke riga na fata warkewa kuma ba ya cika barin tabo, amma haɗin ba ɗaya ba ne.

Babban abin ma shi ne wannan: ɓeran gwaji saurayi ne lafiyayye da ɗan rauni mai tsabta a ganɗa. Inna dattijuwa ce mai suga, da rami a cikin ƙashin muƙamuƙi. In muna son ɓera ya ɗan yi kama da ita, sai mun yi masa allurar wani sinadari da ke lalata wurin da ke samar da insulin, ya kamu da suga, kuma da idona na ga yadda irin waɗannan ke daɗewa rauninsu bai rufe ba.

Kawu Majemi, Marwa

Ɗana, Allah ya ƙara sauƙi. Ni ban yi boko mai nisa ba, jima na gada, kuma hannuna cikin ruwan bagaruwa ya girma. A gidanmu in dasashi na jini ko baki ya yi ƙuraje, 'ya'yan bagaruwa ake dakawa a tafasa a tace, in ya huce a kurkure. Yana ɗaure baki da bauri, jinin ya tsaya. Na ga amfaninsa ba sau ɗaya ba.

Amma zan faɗa maka abin da sana'a ta nuna mini. Baurin da ke tsayar da jinin, shi ne ke mayar da ɗanyar fatar akuya ta zama jemammiya. In ruwan ya yi ƙarfi da yawa, saman fata ne ke ƙanƙamewa, cikinta na nan ɗanye, daga baya ta lalace. Ban taɓa sa shi a ramin da likita ya tsaga ya ɗinke ba, kuma ba zan ce ka sa ba. Kanwa kuwa kada ma a kusanto da ita. Wata maƙwabciyarmu ta danna ungurnu a haƙori mai ciwo ta kwana da ita, da safe cikin kuncinta ya yi fari fat ya saɓule.

Baban Walida, da ma ɗalibanku za su gwada bagaruwar tamu a san iyakar ƙarfin da ba ya cutarwa.

Maman Hanif, Injamena

Ɗan'uwa, sannu da jinya. Aikin haƙori nake yi, kuma akwai abu ɗaya a rubutunka da ya fi zuma da Eludril damuna. Ka ce jiya, kwana na biyu bayan cirewa, ka same ta ta dafe kunci ta kasa cin abinci. Ka je yanzu ka tambaye ta: zafin raguwa yake yi ko ƙaruwa? Yana harbawa zuwa kunne? Bakin yana wari? In ta ce e, kada ku jira ranar cire zare, ku koma asibiti gobe da safe.

Dalili shi ne, abin da ke warkar da ramin haƙori gudan jinin da ya daskare a ciki ne, kamar ɗan guntun hanta. Shi ne murfin ƙashi, kuma a cikinsa sabon nama ke tsirowa. In ya fita ko ya narke, ƙashi ya zauna a buɗe, sai zafi mai tsanani ya taso tsakanin kwana na biyu da na huɗu, kuma turamen ƙasa da aka sha wahalar cirewa su suka fi yin haka. Kurkurewa da ƙarfi na fitar da shi, haka tsotsa, haka taba, haka sa yatsa ko harshe. To ka ga abin da Gwaggo ke shirin yi da kyakkyawar niyya, a lakaci zuma da yatsa a cusa, shi kansa yatsan ya fi zumar haɗari.

Ba na raina zuma. Tana da tsami kaɗan, sukarinta na zuƙe ruwa daga jikin ƙwayoyin cuta, kuma in ta haɗu da danshi tana fitar da ɗan sinadarin nan mai kumfa da muke wanke rauni da shi. Amma wadda ake sa wa rauni a asibiti an tace ta, an kashe duk abin da ke ciki da haske na musamman. Ta galan, ko da ba a yi mata algus ba, da hannu aka matse ta, akwai kaki da toka da guntayen ƙudan zuma. Sannan a bakin mutum minti nawa za ta yi kafin miyau ya wanke ta zuwa ciki? Ga mai suga kuwa, in ana yi sau da yawa a rana, lissafi ne da ke taruwa.

Shi kuma kulohezidin ba don ya tsirar da nama muke rubuta shi ba. Yanzu Inna ba ta iya sa buroshi ko asuwaki a wannan gefen, dattin haƙori na taruwa a jikin zaren ɗinki. Tun 1970 aka nuna a Denmak cewa kurkurewa da shi sau biyu a rana yana hana dattin nan taruwa ko da mutum bai goge baki ba, saboda yana manne wa haƙori da nama ya yi sa'o'i yana aiki. Ƙorafinta gaskiya ne, yana dushe ɗanɗano, ya fi taɓa na gishiri, yana kuma sa haƙori da harshe su yi duhu, balle ga mai shan shayi. Duk suna wucewa in an daina, kuma dama na mako ɗaya zuwa biyu ne. Ka duba mini wani abu: tana sirka shi? Irin wanda aka saba rubutawa ana auna shi ne a ɗan kofin da ke kan kwalbar, a ƙara ruwan ɗumi. Tsofaffi da yawa suna kurɓarsa tsagwaronsa, dole ya yi raɗaɗi. Ta kurkure bayan cin abinci, ta riƙe shi a baki tana karkata kai a hankali, ta buɗe baki ya zubo da kansa. Tsakanin lokutan, ruwan ɗumi da rabin ƙaramin cokalin gishiri a kofi.

Kada a ɗora asfirin ko man kanumfari a wurin, suna ƙona nama. A auna sugarta kuma, don mai shan ƙwayar suga da ba ya cin abinci, sugar na iya faɗuwa ƙasa, in kuma ciwo ya kama wurin tana iya hawa. In kunci ya kumbura yana gangarowa wuya, ko zazzaɓi ya zo, ko haɗiya ta yi wuya, wannan ko tsakar dare ne ku tafi.

Ɗan Yelwa, Garwa

Allah ya saka muku da alheri gaba ɗaya. Anti Maman Hanif, kamar kina tsakar gidanmu. Na ɗauko kwalbar na tambayi Inna yadda take yi, ashe a murfi take zubawa ta kurɓa haka nan, ɗan kofin yana cikin kwali ko taɓa shi ba a yi ba. Da na tambaye ta zafin kuma, ta ce tun daren Alhamis yake harba mata har kunne, ta ɓoye ne don kada in rufe shago in zauna.

Ranar Asabar da sassafe muka koma. Likita ya ce jinin ya fita daga ramin. Ya wanke wurin, har da ɗan guntun abinci ya fito, ya sa wani magani a ciki, kafin mu kai bakin titi ta ce ta ji sanyi. An auna sugar, ta ɗan hau, an ce mu dawo Talata a sake dubawa a kuma ga ɗinkin. Na yi masa maganar zuma, ya ce ba a ramin ba.

Gwaggo ta ɗan ji ba daɗi, sai da na karanta mata abin da Kawu ya rubuta kan bagaruwa da fatar akuya, ta yi shiru, ta ce majemi ya san abin da yake faɗa. Galan ɗin na nan a ɗakin Inna, an raba wa jikoki kaɗan a kunu. Yaya Baban Walida, na tura wa ƙanwata bayaninka, ta koma ta duba jadawalin, ta ce haka ne, a rana ta ƙarshe duk gidajen sun kusa zama ɗaya. Tana tambaya ko za ta iya rubuto maka kan batun ɓeraye masu suga.

Yau da safe ni na auna maganin da kaina, na sirka da ruwan ɗumi, na tsaya har ta zubar a hankali. Ta sha kunu rabin kwano, da azahar kuma ta ce a dama mata fura marar sukari.